Na Farko Cikin Talatin

Zariya,
12 ga Maris, 1981.

Zuwa ga Malam Sambo, malamin ɗakin shan magani na Gwashi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen gari. Ni ma lafiya lau, sai karatu da ya sha mana kai, wata uku ya rage mu gama jami'a.

Bayan haka, takardarka ta iso ni, na ga tsawon maza talatin da ka auna mini. Allah ya saka da alheri, ga shi har yau ko fuskar juna ba mu taɓa gani ba, amma ka yi mini abin da ɗan'uwa na jini bai yi ba. Ka san abin da nake nema. Littafin da muke karantawa ya ce matsakaicin tsawon namiji baligi santimita 168 ne, ni kuwa ina so in nuna mazan yankinmu ba su kai haka ba, saboda yunwar da ta sha cin mu. Da wannan aikin za a ba ni digiri.

Sai dai akwai kuskure a layin farko. Ka rubuta 189. Malam, wannan ai ba mutum ba ne, giginya ce. Sauran duk tsakanin 152 ne da 176. Ko dai hannunka ya zarce, ko an auna shi da rawani da takalmi, ko kuma matarka, taubashiyata Yaya Uwani, ce ta riƙe maka tef, don na santa tun muna yara a Gummi, ko ƙosai ba ta iya rabawa daidai. Ka gaishe ta, ka ce in ji ni.

Ka duba ka gyara, sannan ka aiko mini da ainihin littafin da ka yi awon a ciki, ta hannun Gambo direba mai zuwa Zariya daga Gummi. Malamina Dokta Sa'idu ya ce sai ya gan shi da idonsa kafin ya sa hannu.

Naka,
Hayatu.

Gwashi,
2 ga Afrilu, 1981.

Hayatu,

Na gaishe ka. Ka tambayi lafiyarmu, to ga ta. Malam ya rasu ranar Juma'a shida ga Maris, kwana shida kafin ka zauna ka rubuta wasiƙarka. Sanƙarau ne. Ciwon ya shigo ƙasar nan da zafin bana, Malam ya yi sati uku yana bin marasa lafiya da allura har rugage, daga baya shi ma ya kama shi. Kwana biyu ya yi a kwance. Ina cikin takaba. Innarka Hure ta zo daga Gummi ranar uku, na ɗauka ta aika maka.

Da wasiƙarka ta iso, ƙanensa Manu ya ga tambarin Zariya, ya zaci ta'aziyya ce. Sai ya buɗe a zaure gaban mutane, ya fara karantawa da ƙarfi. Da ya kai wurin giginya sai ya ninke ta, ya aiko mini ciki.

Giginyar nan mijina ce. Layin farko shi ne. Kuma ka yi gaskiya, ni na riƙe tef.

Bari in gaya maka yadda aka samo lambobinka, tunda kai takarda kawai ka gani. A wasiƙarka ta bara ka ce in babu tef a yanko kara miƙaƙƙe a yi masa alamomi. Kai ɗan Gummi ne, Hayatu. Ka manta abin da ake yi da kara a jikin namiji? Da shi ake auna gawa a kai wa masu haƙa kabari. Malam ya sani, amma ya ce mai karatu ya faɗa, sai ya ɗauki karansa ya shiga kasuwa. Tsoho Malami mai goro ya hango shi ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, wa ya rasu?" Malam ya ce babu kowa, masu rai yake so ya auna. Malami ya ce, "To mi munka yi maka? Kai karan ga can, ba mu shirya ba." Kafin ka ce me, rumfar ta watse.

Ya dawo gida yana dariya, ya sa karan a murhu, ya ce in ba shi tef ɗina na ɗinki. Ya ce, "Zo ki fara da ni, in mutuwa ce ta san inda nake." Na kifa turmi na hau, ya jingina da bangon ɗaki ba takalmi ba hula, na ɗora allo a kansa na zana da ƙusa. Sau uku na yi, don yana ta yi mini ɗage yana tsokanata wai ko da turmi ban kai kafaɗarsa ba. Na ukun na ce in bai tsaya ba zan sauka, ya tsaya. 189. Ranar kasuwa ta gaba ya tsaya a bangon ɗakin shan magani gaban kowa, Manu ya sake auna shi, haka aka samu. Sannan Tanko mai gyaran keke ya ce, "In dai dogo ya tsaya bai faɗi ba, a auna ni." Sati shida ya yi yana lallashi kafin ya cika talatin.

Yanzu abin da ake cewa a Gwashi shi ne, wanda ya fara tsayawa shi ya fara tafiya. Sauran ashirin da taran suna jiran layinsu. Tanko, da yake shi ne na biyu, ya yanka zakara ya yi sadaka. Ni na san kwana ne ya ƙare, ba tef ba. Amma ni na fara auna shi, kuma darnin gidan nan ba ya hana ni jin abin da mata ke faɗa in sun fita daga gaisuwa.

Babu abin gyara. Littafin kuma rubutun hannunsa ne, yana cikin adakata, ba zan ba Gambo ba.

Uwani.

Zariya,
20 ga Afrilu, 1981.

Yaya Uwani,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Malam Sambo, ya sa aljanna makoma, ya ba ki haƙuri. Wallahi ban sani ba, saƙon Inna bai same ni ba sai bayan na aika waccan. Maganar giginya wasan taubashi ne, da na sani da hannuna bai rubuta ba. Da na zo gaisuwa da kaina, to jarrabawa ta matso, sai an gama.

Na yarda ba kuskure ba ne. Amma ina roƙonki ki saurare ni, don na san kin yi aji bakwai, za ki gane.

Aikin nan kamar shari'a yake. Littafin da ya ce 168 shi ne wanda ake ƙara, ni ne mai ƙara. Ba a kama shi da ƙarya sai shaida ta yi ƙarfi. Maza talatin ba su ne dukan mazan ƙasarmu ba, in an auna wasu talatin dabam za a sami wata lamba dabam, don haka ƙaramar rata tana iya zama dace kawai. Ƙa'idarmu ita ce, sai ratar ta kai irin wadda dace ba zai kawo ta ba ko sau ɗaya cikin ashirin, sannan a ce littafi bai yi daidai ba.

To ga inda matsalar take. Da Malam a ciki, matsakaicin 165.9 ne, ratar kamar santimita biyu, kuma lambobin sun warwatsu da yawa, shaida ba ta kai ba. Kaɗan ya rage, amma ba ta kai ba. In babu shi, matsakaicin 165.1, ratar ta kusa uku, lambobin sun taru wuri ɗaya, shaida ta wuce yadda ake bukata. Mutum ɗaya ya rinjayi ashirin da tara.

Kuma in za a faɗi gaskiya, Malam ba irin mutanen da nake nufi ba ne. Ɗan ruga ne, da nono ya tashi. Ni talakawan gona nake magana a kansu. Ke da kanki kin ce awon farko a ɗaki kuka yi shi kuna dariya. Abin da nake so, ki rubuta layi biyu ki sa cikin littafin, cewa na farkon gwaji ne aka yi don a ga ko tef yana aiki, ba na lissafi ba ne. Shi ke nan. Ba a taɓa rubutunsa ba, ba a ce ya yi kuskure ba.

Maganar mutanen Gwashi kuwa kada ki sa ta a ranki. Jahilci ne. Tef ba ya kashe mutum, kuma irin wannan duhun kai ne ya sa har yau muke baya.

In aikin nan ya fita yadda ya kamata, wata rana wani babba zai karanta ya ga abin da yunwa ta yi mana. Na tabbata Malam da kansa abin da zai so ke nan.

Ƙanenki,
Hayatu.

Gwashi,
6 ga Mayu, 1981.

Hayatu,

Na gaishe ka, na karɓi gaisuwarka. Lafiya muke. An yi ruwan farko shekaranjiya, Manu ya fita shuka shi kaɗai a gonar da suka saba fita su biyu.

Layi huɗu ka yi wa mijina, sauran duk na digirinka ne. Na ƙirga.

Kada ka ƙara gaya mini abin da Malam zai so. Ba ka taɓa ganinsa ba. Da ka taɓa ganinsa ya sunkuya zai shiga zaure da duk wannan magana ba ta taso ba.

Ka ce zan gane, to na gane. Ina da lokaci yanzu, ba inda nake zuwa. Na ɗauko littafin na tara lambobin talatin da fensir a bayan kalanda, na raba, na sami abin da ka samu. Na cire Malam na sake, haka ne. Sannan na yi abin da kai ba ka yi ba. Na mayar da Malam na cire Tanko, wanda shi ne mafi gajarta, 152. Sai matsakaicin ya hau, ratarka ta ƙara raguwa. Me ya sa ba ka ce Tanko gwaji ba ne? Shi ma ana dariya aka auna shi, duk kasuwa ta ji. Me ya sa ba ka tambayi ko uwarsa ma gajeruwa ce ba, ba yunwa ba ce? Don shi yana faɗin abin da kake so.

Kai ka kawo maganar shari'a. Ubana ya yi shekara goma sha ɗaya yana masinja a kotun alƙali a Anka, ban taɓa jin an kori shaida don bai goyi bayan mai ƙara ba. In an kore shi to an sani ba shari'a ake ba.

Wai ɗan ruga ne, da nono ya tashi. A rugar da ke bayan Gwashi aka haife shi, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba. In shi ba mutumin nan ba ne, wane ne? Cikin talatin ɗinka akwai 'yan ruga biyar, biyu gajeru ne, su ba ka ce komai ba. Kuma a shekarar fari, lokacin kana makarantar kwana gwamnati na ba ka abinci sau uku, shanun ubansa arba'in da ɗaya saura uku suka rage. Shekarar nan nono ya ƙafe a jikina, muka binne ɗiyarmu Asabe tana wata bakwai. Shi ya ɗauke ta a hannu ɗaya. Kada ka koya mini yunwa daga Zariya.

Ga abin da kake nema in rubuta: cewa tsayuwar da ya yi ba ta cikin lissafi. Hayatu, ba don ya tsaya ba da ba ka sami ko mutum ɗaya ba. Ya tsaya gaban mutanen da suka yarda abin yana kisa, ya ce ku duba ni. Yanzu rabin garin sun ce awon ya kashe shi, kai kuma ka ce ba a ma auna shi ba. Su aƙalla sun san ya tsaya.

Idan na gama takaba Anka zan koma, gidan babana. Manu zai yi aure a ɗakin nan, za a yi sabon yaɓe, zanen ƙusar zai tafi. Ba mu da hoto, ba mu da ɗa. Wuri ɗaya ya rage a duniya da za a san tsawon mutumin nan, shi ne takardarka. Ban roƙe ka ka sa sunansa ba. Lambar kawai ka bari inda ya sa ta.

In talatin sun yi kaɗan, ai ka san magani, a ƙara. Ka ce jahilci ne, tef ba ya kisa. Madalla. Ka zo Gwashi ranar kasuwa, ka cire takalmi da hula ka tsaya a bangon nan Manu ya auna ka gaban Malami da Tanko. In ɗan jami'a ya tsaya ya koma gida da ƙafarsa, za ka sami talatin ɗinka na biyu, ni kuma mata su daina kallon hannuna. Kwana biyu ne zuwa da komawa.

Layi biyun ba zan rubuta ba.

Uwani.

Zariya,
21 ga Mayu, 1981.

Yaya Uwani,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Ni ban da lafiya sosai, barci ma ba na samu.

Ba zan iya zuwa Gwashi yanzu ba. Ranar sha biyar ga Yuni ake rufe karɓar aiki, kuma akwai wasu dalilai na gida da ba sai na faɗa ba.

Na yi miki bayani da girmamawa, kin mayar mini da zagi. Kin tara lambobi a bayan kalanda kin ɗauka kin san abin da na yi shekara uku ina koya. Ana cire lambar da ta yi nisa da 'yan'uwanta, ba ni na fara ba. Ta Malam ta fi ta Tanko nisa nesa ba kusa ba. Ke baƙin ciki ne ke magana a bakinki, kuma na yi miki uzuri, amma ki sani in aka bar lambar nan, abin da takardar za ta ce shi ne babu isasshiyar hujja cewa mutanenmu sun gaza na littafi. Ke da kika binne ɗiya a shekarar fari, haka kike so a rubuta? Don a ga tsawon mutum ɗaya da ya riga ya tafi?

Na riga na ba da an buga aikin da mutum ashirin da tara. Na sa a ƙasa cewa na farko gwaji ne. Ba na bukatar layi biyunki kuma. Littafin kawai nake so, kuma nawa ne, ni na aika masa da shi bara, sunana na bangon ciki. Dokta Sa'idu ya tambaye ni sau biyu. Ki ba Gambo ya kawo mini hannuna, ni zan san yadda zan yi da shi. Na aika wa Inna ta je ta karɓa in kin ƙi. Ita dai na san ba za ki iya kallon idonta ki hana ta ba, tunda ita ta riƙe Innarki lokacin jinyarta.

Ni kaɗai ne na kai jami'a a duk danginmu. In na faɗi, ba ni kaɗai na faɗi ba.

Hayatu.

Gwashi,
3 ga Yuni, 1981.

Hayatu,

Na gaishe ka. Allah ya ba ka lafiya da barci. Gero ya fito, ana noman farko.

Inna Hure ta zo ranar Lahadi a bayan babur, ƙafarta ta kumbura. Tsohuwa kamar wannan ka turo a kan hanyar Gwashi da damina. Na dama mata fura, na gasa mata ƙafa, ta zauna a tabarmar Malam tana kuka tana cewa, "Ɗiyata, ba shi littafin ga ya huta. Mi a cikin lamba guda? Wanda ya tafi ya tafi."

Na ce, "Inna, na ce ya zo a auna shi ya ƙara mutane, ya ƙi."

Ta dafe ƙirji ta ce, "A auna wa? Shi da kansa ya rubuto ya ce in ce miki na hana shi. Ni ko na ce ko bai roƙa ba na hana. Shi ke nan gare ni namiji."

To na ji dalilan gida. Ban yi dariya ba, Hayatu. Tsoro ba abin kunya ba ne, Tanko ma yana ji, amma shi ya tsaya tukuna, kuma bai kira kowa jahili ba.

Ka yi gaskiya, ban iya kallon idonta ba. Ta kwana biyu, duk motsin da na yi idonta na kan adakar. Na tuna yadda take juya Innata a kan gado tana wanke ta, wata biyar, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Na buɗe adakar na ɗauko littafin, har na miƙa mata. Sai ta ce, don ta kwantar mini da hankali, "Ba abin da za shi yi masa, takarda guda ce za shi sake, ya ce ya iya hannun marigayi."

Sai na mayar da hannuna.

Ka tambaye ni ko ina so a rubuta babu hujja. Ba na so. Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar, don ta yi mini ciwo, kuma ka san za ta yi shi ya sa ka faɗa. Amma kai ka koya mini cewa babu hujja ba ya nufin babu yunwa, yana nufin shaidun ba su isa ba. In wani babba zai tausaya mana sai an yi ƙarya a kan mamaci da hannun da ba nasa ba, to ya riƙe tausayinsa. Asabe ba ta bukata.

Ka ce littafin naka ne, malaminka kuma yana nemansa. Ban hana ba. Na naɗe shi a ƙyalle na ɗinke bakin, na ba Manu ya kai wa Gambo a tashar Gummi jiya. A bayan ƙunshin na rubuta sunan Dokta Sa'idu, kuma Manu ya sa Gambo ya rantse ba zai ba kowa ba sai shi. Na sa 'yar takarda a ciki. Ban kai ƙararka ba, ban ambaci abin da ka buga ba, ban ambaci abin da Inna ta faɗa ba. Abin da na rubuta ke nan: "Ranka ya daɗe, ga littafin awon Gwashi na ɗalibinka Hayatu. Mutum talatin ne. Na farko mijina ne, an auna shi sau biyu, ya rasu. Allah ya taimake ka."

Na gaya wa Inna kafin ta tafi, ban ɓoye mata ba. Ta hau babur ba ta yi mini sallama ba. Wannan kai ka jawo mini, kuma shi ya fi komai yi mini zafi.

Kana da kwana goma sha biyu. Sun isa a sake buga takarda.

Uwani.

Zariya,
19 ga Yuni, 1981.

Uwani,

Dokta ya kira ni ofis. Littafin na kan tebur, aikina na gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ƙirga layukan littafin da ƙarfi, na ƙirga, ya ce in ƙirga na aikina. Sannan ya tambaye ni wa ya ce mini na farko gwaji ne.

Ya ce da ya ga dama da ya kai ni gaba an kore ni. Ya ba ni kwana biyar. Na sake komai da talatin. Ƙarshen aikin ya ce babu isasshiyar hujja, ana bukatar a auna mutane da yawa, kuma a zaɓe su da ƙuri'a, ba wanda ya yarda kawai ba. Zan fita, amma da sakamako na ƙasa, kuma wurin koyarwa da ya ce zai nema mini a nan ya ce in manta da shi.

Mijinki na shafi na sha huɗu, layin farko. Kin ji daɗi?

Kada ki sake rubuto mini.

Hayatu.

Anka,
16 ga Yuli, 1981.

Hayatu,

Na gaishe ka, barka da shan ruwa. Na fita takaba, ina gidan Baba tun ranar Talata. Lafiya lau, sai dai har yanzu ina dafa abin buɗa baki na mutum biyu in ban lura ba.

Ka ce kada in sake rubutowa. Wannan ce ta ƙarshe, don ka yi tambaya.

Ban ji daɗi ba. Na ɗauka zan ji. Da na karanta maganar shafi na sha huɗu a wasiƙarka sai na zauna a ƙasa, ban iya tashi ba har aka kira la'asar. Ban so ka rasa aikin ba, Allah shaida, kuma da za a mayar da ni ranar nan da na sake ɗinke ƙyallen. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda zan haɗa maka su ba.

Na je Gummi kafin in wuce nan. Inna ta bar ni a tsakar gida na daɗe, daga baya ta miƙo mini tabarma.

Saura abu ɗaya tsakaninmu. Mutumin nan ya yi maka sati shida na aiki, ya rasu wata huɗu da suka wuce, har yau ba ka taka ka zo gaisuwa ba. Takarda ba gaisuwa ba ce. Jarrabawa ta ƙare. Gidan Baba yana nan bayan kotu inda ka san shi. In ka zo za a ba ka ruwa da wurin zama, za a yi addu'a, zan ce amin daga ciki. Ranar farko ba zan yi maka magana ba, kada ka sa rai. Ka zo da shirin kwana biyu.

Uwani.